Me ya hana iskar duniya tserewa zuwa sararin samaniya?

Ɗalibin Aji Ɗaya: Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa na wannan zaure. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su warware mini ita. An karantar da mu cewa iska ta lulluɓe duniya, kuma bayan iskar sai sararin samaniya, wanda fanko ne. An kuma karantar da mu cewa iska tana barin inda matsinta ya yi yawa ta nufi inda ya yi ƙaranci. Idan duka biyun gaskiya ne, me ya hana wannan fankon, wanda girmansa ya wuce misali, ya zuƙe iskarmu baki ɗaya, alhali babu bango ko murfi tsakaninsu?

Mai Faci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi tambayar da ni ma na daɗe ina yi. Sana'ata kenan, kuma ban taɓa ganin iska ta zauna a wuri ba tare da an killace ta ba. Hujin da bai kai kan allura ba ya isa ya sace iskar tayar babbar mota kafin gari ya waye. Saboda haka duk wanda ya ce mini iska tana zaune kusa da fanko babu shamaki, sai ya nuna mini abin da ya tsaya a matsayin robar tayar.

Tsohon Malamin Kimiyya: Ɗana, tambayarka tana da kyau, amma akwai kalma guda a cikinta da ta ɗauko kuskuren gaba ɗaya, wato cewa fanko yana zuƙa. Fanko ba ya jan komai, domin babu wani abu a cikinsa da zai yi jan. Duk inda ka ga iska ta ruga zuwa wurin da babu iska, wadda ke bayanta ce ta tunkuɗa ta, ita kuma ba ta sami mai tare ta a gaba ba. Don haka abin da ya kamata mu bincika shi ne daga ina matsin iska ya samo asali.

Iska tana da nauyi. A bakin teku, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, tana da nauyin kimanin kilo 1.2. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, mita 4 a faɗi da mita 3 zuwa rufi yana ɗauke da iskar da ta kusa kilo 58, duk da cewa muna kiransa ɗaki fanko. Tunda tana da nauyi, ƙarfin jan duniya yana janta ƙasa kamar yadda yake jan ruwan teku. Idan ka shata fili mai mita ɗaya ta kowane gefe, iskar da ke bisansa har ƙarshenta ta haura tan 10 kaɗan. Wannan nauyin shi ne abin da muke kira matsin iska, kuma shi ne milibar 1013 da masu hasashen yanayi ke ambata.

Ka dubi yadda ake jibge auduga a rumbu. Ta ƙasa tana danƙarewa domin duk ta sama tana kanta, ta tsakiya ba ta kai ta ƙasa danƙarewa ba, ta can ƙoli kuwa a sake take domin babu abin da ya danne ta. Haka iska take. A tsayin kimanin kilomita 5 da rabi matsin ya koma rabi, a ƙolin dutsen Eberest mai tsayin mita 8,849 ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma haka yake ta raguwa har ya zama ba a bakin komai ba. Babu wani wuri da iska mai matsin milibar 1013 ta yi maƙwabtaka da fanko. Iskar da ke maƙwabtaka da sararin samaniya ita kanta ta kusa zama fanko, kuma ba ta da ƙarfin da za ta tunkuɗa wani abu sama da shi.

Mai Faci: Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, na ji bayaninka, amma ba ka amsa mini batun taya ba. Idan ƙarfin jan duniya yana riƙe iska, me ya sa ba ya riƙe ta a cikin taya? Na kuma ji ana cewa idan aka ɗora tulun da aka kwashe wa iska a bisa tulu mai iska, aka buɗe mahaɗinsu, iskar ƙasa takan haura ta cika na sama nan take. Ina ƙarfin jan ya tafi a lokacin?

Tsohon Malamin Kimiyya: Yana nan, Malam, sai dai aikin da aka ba shi a cikin tulun ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ƙarfin jan duniya yana rage matsin iska gwargwadon tsayin da aka haura, kuma a kusa da ƙasa ragin bai wuce milibar ɗaya a duk mita 8 ba. Tayar motarka ba ta kai mita ɗaya ba, alhali ka dura mata iskar da ta ɗara ta waje da kimanin milibar 2,000. Bambancin da nauyin iskar cikinta zai iya kawowa bai kai ko milibar ɗaya ba, saboda haka dole roba ta ɗauki sauran. Ka kuma lura cewa tayar da kake cewa ta sace ba ta zama fanko ba, ta dai daidaita ne da iskar waje, daga nan fitar ta tsaya.

Batun tulu biyu ma haka yake. Iskar tulun ƙasa an rufe ta ne da matsin da nauyin iskar duniya duka ya ɗora mata, sannan aka buɗe mata hanya zuwa wani tulu mai nisan taku ɗaya ko biyu. Da a ce za ka iya gina bututu mai tsayin kilomita 500, ka kwashe iskarsa, ka bar bakinsa na sama a buɗe, sannan ka buɗe na ƙasa, iska za ta ruga ciki ta haura, amma ba za ta riƙa kwarara ta sama ba. Za ta tsaya ne da yawa a ƙasa, kaɗan a tsakiya, kusan babu a ƙoli, daidai da yadda take a wajen bututun. Gwajin tulun gaskiya ne, amma gajere ne, bai isa ya gwada abin da ake son ya gwada ba.

Manomin Fadama: Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma maganar Malam ta tuna mini da abin da duk mai noman rani ya sani. Injin ban ruwa da muke ajiyewa a bakin rijiya yana ɗebo ruwa lafiya muddin ruwan yana kusa. Da zarar rani ya yi nisa, ruwan ya ja ƙasa ya wuce mita 7 ko 8, sai injin ya yi ta ƙugi, tiyo ya yi ta rawa, ba ko ɗigo. Wasu kan sayo injin da ya fi ƙarfi, su tarar duk ɗaya. Abin da muke yi shi ne mu haƙa rami mu saukar da injin kusa da ruwan, masu rijiyar burtsatse kuma su zura sumo can ƙasa ya riƙa turowa. Shin wannan yana da alaƙa da abin da ake tattaunawa, ko kuwa na kauce?

Tsohon Malamin Kimiyya: Alhaji, ba ka kauce ba, hasali ma daga wannan matsalar aka fara gane al'amarin. A Italiya, a zamanin Galileyo, masu aikin famfo sun lura cewa ruwa ba ya hawa fiye da kimanin mita 10 komai kyan famfon. A lokacin masana suna bin ra'ayin da aka gada tun daga Aristotal cewa halitta tana ƙin fanko, shi ya sa ruwa ke bin famfo ya cike gurbin. Sai tambaya ta taso, me ya sa ƙiyayyar take ƙarewa a mita 10? Almajirin Galileyo mai suna Toriceli ya gwada da zaiba a shekarun farko na 1640. Ya cika bututun gilashi da ita, ya kifa shi a cikin kwanon zaiba, sai ta sauko ta tsaya a kimanin santimita 76, ta bar fanko a samanta. Zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, kuma idan ka ninka santimita 76 sau 13.6 za ka sami mita 10 da ɗan ɗori. Ashe ma'auni ɗaya ne, wato nauyin iskar da ke danna fuskar ruwan daga waje.

Injinka, Alhaji, ba ya jan ruwa. Yana kwashe iskar cikin tiyo ne, iskar duniya kuma ta danna ruwan rijiyar ta tura shi sama. Ƙarfin iskar duniya ya ƙare a mita 10, a aikace ma kafin nan saboda yoyo da gogayya, shi ya sa ƙarin ƙarfin inji ba ya amfani. Da fanko yana da ƙarfin zuƙa na kansa, da babu wannan iyakar.

A shekarar 1648 Paskal na Faransa ya sa surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututun, aka bar wani a gindin dutsen don kwatantawa. A ƙoli zaibar ta sauka da kimanin santimita 8, ta ƙasa kuwa ba ta motsa ba. Fankon da ke saman bututun bai canza ba tsakanin gindi da ƙoli, abin da ya canza shi ne yawan iskar da ta rage a bisa kan mai gwajin.

Malama Mai Labarin Ƙasa: Ina so in ƙara wa ɗalibinmu gwajin da zai yi da hannunsa ba tare da zaiba ba. Garin Jos yana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, kuma matsin iska a can yana wajen milibar 880. Ka sami gorar ruwa ta roba mai laushi, ka shanye ruwan, ka ɗaure murfin tam a Jos, sannan ka ajiye ta a cinyarka idan mota ta kama gangaren Hawan Kibo. Kafin ku isa Akwanga za ka ga gefen gorar ya fara lotsawa ciki, wani lokaci har ka ji ta yi ƙas, a daidai lokacin da kunnuwanka suke toshewa. Babu wanda ya taɓa ta, iskar da ta ƙaru a bisa kanku ce ta matse ta. Idan ka rufe ta a ƙasa ka hau da ita, kumbura za ta yi. Saboda wannan dalilin ne ruwa ke tafasa a Jos a wajen digiri 96 maimakon 100.

Ɗalibin Aji Ɗaya: Na gode, Malam, na gode, Malama. Na fahimci cewa matsin yana raguwa ne a hankali. To amma yanzu sai tambayar ta juya mini. Idan ƙarfin jan duniya yana jan iska ƙasa ba dare ba rana, me ya hana ta faɗowa duka ta kwanta a ƙasa kamar ruwa? Kuma me ya sa hayaƙi da balan-balan suke tashi sama?

Tsohon Malamin Kimiyya: Zafi ne ya hana ta kwantawa. Iska ƙwayoyi ce ƙanana masu yawo, kuma abin da muke kira zafi shi ne saurin yawonsu. A zafin ɗaki, ƙwayar naitorojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskarmu, tana gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa guda, tana karo da 'yan uwanta ta ko'ina. Duk abin da aka cilla sama da wannan saurin, idan bai haɗu da komai ba, zai haura kimanin kilomita 12 kafin ya juyo, kuma ba banza ba ne mafi yawan iskar duniya take cikin kilomita goma sha wani abu na farko. Kaurin bargon iskar sulhu ne tsakanin zafi mai watsa ta da nauyi mai tattara ta. Da za a sanyaya duniya ƙasa da digiri 196 a ƙarƙashin sifili, naitorojin da oksijin za su zama ruwa, iskar duka ta kwanta da zurfin mita 12 ko kusa da haka. Irin wannan yana faruwa a duniyar Mas, inda a lokacin sanyi wajen kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ke daskarewa a kan doron duniyar, matsin ya ragu, sannan ya dawo idan zafi ya zo. Kumbunan Viking da suka sauka can a 1976 sun auna wannan hawa da sauka.

Hayaƙi kuwa yana tashi ne saboda ƙarfin jan, domin iska mai sanyi da ta fi shi nauyi tana shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. A cikin tashar sararin samaniya, inda komai ke shawagi, harshen wuta ba ya miƙewa sama, dunƙulewa yake yi.

Malama Mai Labarin Ƙasa: Ga wanda yake shakkar cewa ƙarfin jan duniya yana aiki a kan iska, abin da ya faru a tafkin Nyos na ƙasar Kamaru a watan Agustan 1986 ya isa shaida, ko da yake shaida ce mai ɗaci. Iskar kabon dayoksaid mai yawa ta ɓalle daga ƙarƙashin tafkin cikin dare. Da yake ta ninka iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, ba ta tashi sama ba, sai ta bi kwaruruka tana gangarawa cikin ƙauyuka, ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Abin da ya hana iskar duniya rarrabuwa haka a kullum, mai nauyi a ƙasa mara nauyi a sama, shi ne guguwa da kaɗawar iska da ke gauraya ta har zuwa tsayin kimanin kilomita 100.

Injiniya: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina tare da Malam a kan duk abin da ya faɗa, amma ina ganin an bar wa ɗalibinmu hoton da ya yi kyau fiye da kima, kamar babu abin da ke fita. Gaskiyar magana iska tana tserewa, kuma Mai Faci yana da ɗan rabo a cikin gardamarsa.

Kowace duniya tana da saurin da idan abu ya kai shi ba zai dawo ba. Na duniyarmu kilomita 11.2 ne a daƙiƙa, wato ya ninka gudun ƙwayar naitorojin fiye da sau 20. Amma ƙwayoyin iska ba gudu ɗaya suke yi ba, wasu suna ƙasa da matsakaici, wasu 'yan kaɗan suna sama da shi nesa ba kusa ba. A tsayin kimanin kilomita 500 iska ta yi ƙarancin da ƙwayar da ta nufi sama ba lallai ta sake karo da wata ba, kuma zafi a can yana kai digiri 1,000 ko kusa. A wannan zafin ƙwayar haidurojin, wadda ta fi kowace ƙwaya rashin nauyi, tana gudun kimanin kilomita 4 a daƙiƙa, saboda haka akwai kaso mai ɗan dama daga cikinsu da ke kai saurin tserewa. Ƙwayar oksijin ta ninka ta nauyi sau 16, gudunta kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne na nata, don haka samun wadda za ta tsere ta wannan hanyar abu ne mai wuyar gaske. Masanin Ingila James Jeans ne ya yi lissafin wannan a farkon ƙarni na 20, har ake kiran irin wannan tserewar da sunansa. Ƙiyasin masana shi ne duniya tana asarar haidurojin kimanin kilo 3 a kowace daƙiƙa, da hiliyam kimanin giram 50.

Mai Faci: To ai ka ga maganata ta fito, Injiniya. Tayar tana sacewa kenan, a hankali ne kawai.

Injiniya: Tana sacewa, amma ka duba girman hujin. Kilo 3 a daƙiƙa ya kama kusan tan 95,000 a shekara, alhali nauyin iskar duniya ya haura tan tiriliyan 5,000. Haidurojin ɗin da ke tafiya kuma mafi yawansa daga ruwa yake fitowa, kuma a wannan saurin sai an yi fiye da shekara tiriliyan ɗaya kafin a ƙarar da na cikin tekuna. Abin da ya taƙaita asarar shi ne sanyin da ke tsayin kilomita 10 zuwa 17, inda tururin ruwa ke daskarewa ya dawo ƙasa kafin ya kai inda hasken rana zai farfasa shi. Abu mafi muhimmanci kuma, wannan fitar ba zuƙar fanko ba ce. Da zuƙa ce, da ba ta zaɓi mara nauyi ta bar mai nauyi ba.

Ina kuma so in gyara wani zato da ya yaɗu, cewa ƙarfin jan duniya yana ƙarewa da an fita sararin samaniya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaye a tsayin kimanin kilomita 400, inda ƙarfin jan yake kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji a ƙasa. Mutanen cikinta suna shawagi ne domin su da tashar suna faɗuwa tare a kewayen duniya. Har a can akwai ragowar iska da ke rage mata gudu, shi ya sa lokaci zuwa lokaci ake kunna injin roka a ƙara ɗaga ta. Iyakar kilomita 100 da ake cewa nan sararin samaniya ya fara yarjejeniya ce ta mutane, iska ba ta san da ita ba.

Ɗalibin Aji Ɗaya: Yaya Injiniya, idan haka ne, ashe wata ba shi da iska ne domin ƙarami ne. Na kuma karanta cewa Mas ta rasa tata ne domin ba ta da garkuwar maganaɗisu irin ta duniyarmu, wadda ke karkatar da ƙwayoyin da rana ke fesowa. Wanne ne ya fi muhimmanci a cikin biyun?

Injiniya: Saurin tserewa daga wata kilomita 2.4 ne kawai a daƙiƙa, ga shi kuma da rana doronsa yana wuce digiri 100 a zafi, don haka ba ya iya riƙe iska ta daɗe. Na Mas kilomita 5 ne, kuma matsin iskarta yanzu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, duk da cewa busassun hanyoyin koguna da ke kanta suna nuna ta taɓa samun iska mai kauri. Kumbon MAVEN na hukumar NASA, wanda ya isa can a watan Satumban 2014, ya auna yadda ƙwayoyin da rana ke fesowa suke kwasar iskar Mas, kimanin giram 100 a daƙiƙa, kuma asarar tana ƙaruwa idan rana ta yi bore. A ganina rashin garkuwar ya taka rawa babba.

Malama Mai Labarin Ƙasa: A nan ne zan saɓa maka, Injiniya. Batun garkuwar maganaɗisu ana yawan kambama shi fiye da yadda hujja ta ba da dama, kuma Zara, wadda muke kira matar wata, ita ce ke rusa shi. Ba ta da garkuwar maganaɗisu da ke fitowa daga cikinta, ta kuma fi mu kusa da rana, amma matsin iskarta ya ninka namu sau 92, zafin doronta kuma yana wajen digiri 465. Abin da take da shi wanda Mas ba ta da shi shi ne nauyi, domin saurin tserewa daga gare ta kilomita 10.4 ne, kusan daidai da namu, ga shi iskarta kabon dayoksaid ce mai nauyi. Abin da ta rasa shi ne ruwa, domin hasken rana ya farfasa tururinsa, haidurojin ya tafi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Taitan, babban watan duniyar Zuhal. Abu ya fi sauƙi a doronsa fiye da a doron watanmu, saurin tserewa daga gare shi kilomita 2.6 ne, amma yana da iskar naitorojin mai matsin da ya ninka namu sau ɗaya da rabi, har kumbon Huygens ya sauka a kansa da laima a watan Janairun 2005. Sirrinsa sanyi ne, digiri 179 ƙasa da sifili, wanda ya rage wa ƙwayoyin gudu. Ni a wurina nauyin duniya da zafinta da nauyin ƙwayoyin iskarta su ne kan gaba, maganaɗisu yana biyo baya, kuma masana har yanzu suna jayayya a kan girman taimakonsa.

Injiniya: Hajiya, ban ce maganaɗisu ne ke riƙe iska ba. Na ce ga duniya ƙarama kamar Mas, wadda riƙonta dama mai rauni ne, rashinsa ya buɗe wa ƙwayoyin rana ƙofa. Misalin Zara bai soke wannan ba, domin ƙwayar da aka bankaɗa a can tana buƙatar ninki biyu na saurin da ake buƙata a Mas kafin ta fita.

Malama Mai Labarin Ƙasa: To ai ka dawo kan nauyi kenan, ranka ya daɗe.

Mai Faci: Ni dai na karɓi batun injin Alhaji da gorar Malama, domin waɗannan abubuwa ne da zan iya gani da idona. Batun Zara da Taitan kuwa sai dai in ji daga bakinku. Sauran tambaya ɗaya gare ni. An ce duniya tana juyawa da gudun da ya fi na jirgin sama. Na ga yadda taya mai juyawa ke watsar da ruwa da laka. Me ya hana juyawar ta watsar da iskar?

Tsohon Malamin Kimiyya: Gudun gaskiya ne, domin a tsakiyar duniya, inda kewayenta ya fi faɗi, doron ƙasa yana tafiyar kimanin kilomita 1,670 a awa guda. Sai dai abin da ke watsar da laka daga taya shi ne gudu tare da ƙanƙantar da'irar, domin tayar tana kammala zagaye sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Duniya kuwa zagaye ɗaya take yi a awa 24, a kan da'irar da nisanta daga tsakiya ya kai kilomita 6,378. Idan aka yi lissafi, ƙarfin watsarwar yana wajen kashi ɗaya cikin 300 na ƙarfin jan kawai, wato mutum mai kilo 60 yana samun sauƙin kimanin giram 200 a kan sikeli. Kafin juyawa ta iya ɗaga iska ko wani abu daga doron ƙasa a wannan yankin, sai duniya ta ninka saurinta sau 17, dare da rana su koma ƙasa da awa ɗaya da rabi.